Jatau da Ajiyar Matar Malam-buɗe-littafi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun gyara zama.

Wani mutum ne mai lambu a bakin fadama, sunansa Jatau. Ba shi da mugun hali, sai dai in ka yabe shi, ko hularsa ka roƙa zai cire ya ba ka. A wancan zamani kabeji ba ya dunƙulewa. Ganyensa a baje yake kamar faifai. Jatau ya shuka kunya uku, domin 'yarsa ta kusa haihuwa, kuma ya riga ya cika baki cewa kabejin ranar suna daga lambunsa zai fito.

Ran nan yana ban ruwa, sai ga matar malam-buɗe-littafi, fara fat, da ɗigon baƙi a fiffike. Ta gaishe shi, ta kira shi sarkin lambu. Ta ce tafiya ce ta kama ta, tana neman amintacce da zai riƙe mata 'yan duwatsun wuyanta. Jatau ya ji an ce sarki, ya ce ta zaɓi inda ta ga dama. Ta bi bayan ganye tana jera wasu ƙananan abubuwa ruwan ɗorawa, ta yi godiya, ta tashi.

Da ya koma gida ya ba matarsa Tabawa labari. Ta tambaye shi ko ya duba ajiyar da kyau. Ya ce mai amana ba ya leƙen kayan mutane. Tabawa ta ci gaba da tankaɗenta.

Bayan kwana bakwai Jatau ya tarar da kunyar farko duk huji. A gefen kowane huji ga tsutsa, koriya shar, tana tauna. Duwatsun wuya kuwa babu ko ɗaya. Ya tambaye su su wane ne. Babbarsu ta ɗago kai.

"Mu ne masu gadin ajiya, Baba. Mun ga kabejinka yana jin zafi, muka buɗe masa taga."

Jatau ya ga lallai ana rana. Ya yi musu sannu da aiki.

Ya dawo bayan kwana uku, kunya ta biyu ta zama kamar rariya. Tsutsotsin sun yi ƙiba har suna nishi. Ransa ya soma ɓaci.

"Ado ne, Baba," in ji babbar. "Ba suna za a yi ba? Leshi muke ɗinka masa."

Jatau ya ɗaga ganye ɗaya ya duba ta hasken rana. Ya ga aikin ya yi kyau, har ya tambaya ko an kusa gamawa.

Zuwa na uku, a ranar da 'yarsa ta sauka, ya iske kunya ta uku saura jijiyoyi tsaye kamar tsinken tsintsiya. Babbar ta ce sun tausaya wa wuyansa ne, suka rage masa nauyin kaya. A nan Jatau ya zauna daɓas a kan kunya. Ya tuna surukai da za su zo, ya tuna bakin da ya cika. Ya tafi gida a sanyaye ya faɗa wa Tabawa gaskiya.

Tabawa ba ta yi masa dariya ba, sai da ta shiga ɗaki tukuna. Da ta fito ta ɗebi toka a ƙwarya, ta kora kazarta gaba, suka nufi lambu. Ta ce wa tsutsotsin ga mai duba ɗinki ta kawo musu. Kaza ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko mai yanke zare ba.

A can ƙarshen kunya suka sami ɗan kabeji guda da baki bai taɓa ba. Jatau ya durƙusa, ya tattara ganyensa, ya naɗe wannan a kan wancan yadda ake naɗa rawani, ya ɗaure da rama. Tabawa ta barbaɗa toka kewaye. Kullum Jatau yana ba shi ruwa, shi kuwa kabejin yana ƙara ganye daga ciki, yana tsoron leƙowa.

Ranar suna aka kwance shi, ya tsaya a dunƙule, da nauyi kamar kabewa. Mata suka yi ta ɓarewa suna yankawa, ganye bai ƙare ba sai da kowa ya samu. Surukai suka yaba, suka ce Jatau gwani ne. Ya buɗe baki zai yi musu kyautar lambun duka, Tabawa ta taka masa ƙafa.

Tun daga ranar kabeji yake naɗe kansa. Ku kuma, in wani ya fara da yabonku kafin ya ba ku ajiya, ku juya ganyen ku duba.

Ƙurunƙus kan tsutsa.