Ranar Da Baba Ya Zuba Ƙasa A Bututu

Akwai wani magidanci da ake kira Mai Na'ana'a. A saman benen gidansa ya jera fararen bututai masu huji-huji, yana noman na'ana'a da ɗoɗɗoya ba tare da ƙasa ba. Ruwa mai haɗe da taki ke bi ta ƙarƙashin saiwoyin, wani inji ya mayar da shi tanki ya sake zagayowa, shi ya sa ruwa kaɗan ke isarsa. Gidajen abinci ke saye, da haka yake riƙe iyalinsa.

Mahaifinsa manomi ne tun tasowarsa. Da ciwon gwiwa ya raba shi da gona, ɗan ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa. Ko tsintsiya tsohon ya taɓa, sai a ce, "Baba, ku huta kawai."

Wata rana Mai Na'ana'a ya dawo daga kai kaya, ya hau sama, sai ya tsaya cak. Injin na ƙauri, ganye duk ya langaɓe, kowane huji an danƙare shi da baƙar ƙasa. Ga Baba zaune kan bokiti, hannu duk laka, yana murmushi.

"Na ga saiwar a tsirara, tausayi ta ba ni," in ji tsohon. "Daga filin can na yi ta hauro da ƙasar."

Idon Mai Na'ana'a ya rufe. "Wa ya aike ka? Ka kashe min sana'a! Zama kawai aka ce ka yi, shi ma ya gagare ka?"

Baba ya miƙe. Ya dafa bango ya sauka.

Can sai ga matar gidan ta hauro. "Sauko, Baba na haɗa kaya."

Da ya sauko, ya tarar da Baba yana ninke riguna yana sawa a jaka, gwiwoyin nan sun kumbura suntum. Sai a lokacin ya tuna tsawon matattakalar, da nauyin bokitin ƙasa.

"Tun da na zo gidan nan ban yi wa kowa amfani ba," Baba ya faɗa a hankali. "Yau na ɗauka na yi."

Mai Na'ana'a ya matso kusa da shi. Ya durƙusa ya riƙe jakar. "Baba, ku yafe mini. Ni ne ban taɓa nuna muku aikin ba."

Shukar ba ta tashi ba, wasu masu saye ma suka koma wani wurin. Amma da aka sake sabuwa, a ƙasa kusa da ɗakin Baba aka kafa layin renon iri, aka damƙa masa kula da shi. Yanzu in ɗan ya miƙa hannu, tsohon kan ce, "Kai, je ka huta kawai."

Darasi: Kafin ka yi wa mutum tsawa a kan ɓarnar da ya yi, duba niyyar da ta sa shi. Iyayenmu ba hutu kaɗai suke so ba, suna son su ji ana bukatarsu. Ku tura wa duk wanda ke da tsoho a gida.