Randar Irin da Bunyaminu Ya Liƙe Shekara Takwas

Akwai wani bawan Allah a Kaoje, soja ne, sunansa Bunyaminu. Shekara takwas ya yi a fagen daga, can Arewa maso Gabas. A tsawon shekarun nan sau uku kacal ya leƙo gida, kowane zuwa da rani ne, kuma bai taɓa cika mako ba.

Abin da ya fi yi masa yawo a rai a can shi ne jar shinkafar mahaifinsa marigayi. Irin ta da ce, mai bin ruwa, kogi na tashi tana tashi. Yana yaro innarsa kan tuƙa tuwonta da miyar kifi, su ci gindin mangwaro har gumi ya keto musu.

Kafin ya tafi ya cika randa biyu da irin, ya liƙe bakinsu da laka, ya ce wa matarsa Mansura kada kowa ya taɓa sai ya dawo.

Allah Ya sa ya dawo, da ɗingishi a ƙafar hagu. Amma gidan da ya bari ba shi ya tarar ba.

Murhun shinkafar gumi uku a tsakar gida, mata na turara ta. Fadamar gidan kuwa an koma shuka shinkafa 'yar wata uku da injin ban ruwa. Mansurar da ya bari ko tsawar akuya ba ta iyawa, yanzu ita ke ciniki da matan Benin, har gaisuwar yarensu, Dandanci, ta iya. Duk mai sallama, ita yake nema. Ɗiyarsu Safina, wadda ya bari tana tatata, in ta gan shi sai ta laɓe bayan uwarta.

Abin ya ci masa rai. Maliki, abokinsa na ƙuruciya, ya ce, "Kofur, nan ba bariki ba ne. Gari ya yi gaba, ka bi shi sannu."

"Gaba ina? Kun dai binne ni da raina," in ji Bunyaminu.

Da ruwan farko ya sauka, sai ya fasa bakin randunan. Ya ce bana fadama duka jar shinkafa za a watsa, kamar zamanin Baba.

Mansura ta ɗebi irin a tafin hannu, ta shinshina. Fadamar nan ita ce abincin gidan na shekara.

"Baban Safina, irin ga ya daɗe. Bari mu jiƙa kaɗan cikin tsumma, kwana ukku mu gani in zai tsira."

"Mi kika sani ga irin ubana? Kun sauya min komi, wanga ma sai kin sa baki?"

"Ban sauya don raini ba. Yunwa ba ta jira ka dawo ba."

Ya kau da kai.

Shi kaɗai ya watsa irin, yana jan ƙafa, yana rera waƙar noman da mahaifinsa kan yi. Kwana biyar, babu. Kwana goma, sai ciyawa. Gonakin maƙwabta sun yi kore shar, tasa kamar an share. Ga kogi ya fara cika. In shuka ba ta miƙe ba kafin ruwa ya shigo, shekara ta tafi ke nan.

Da hantsi Mansura ta same shi zaune bakin fadama, ya tona ƙasa yana murza ƙwayar da ta ruɓe. Ta sauke buhu daga kanta, ta kwance bakinsa a gabansa.

Jar shinkafa ce, sabuwa, tana ƙamshi.

"Ina kika samo ta?"

"Randarka ban taɓa ba, yadda ka ce. Amma ranar da ka tafi na share abin da ya zube ƙasan rumbu, bai fi mudu ba. Kowace damina sai in watsa shi can lungun ƙasa inda ruwa ke zurfi, in girbe, in aje na baɗi. Sau takwas ke nan."

Bunyaminu ya sa hannu cikin buhun.

"Duk Sallah ita nike tuƙa ma Safina," in ji ta. "In ce mata, ci, wagga ta babanki ce. Fuskarka ce ba ta saba da ita ba, amma tuwonka ta san shi."

Mutumin da ƙarar bindiga ba ta sa shi hawaye ba, sai ga shi yana share ido da bakin riga.

Irin bai isa fadama duka ba. Suka watsa shi a ɓangaren zurfi, sauran suka dasa 'yar wata uku. Maliki ya zo taya su, ya tarar da Bunyaminu durƙushe gaban injin, Mansura na nuna masa yadda ake tayar da shi.

"A'a! Kofur ya samu sabon kwamanda!"

"Tun tuni ma," in ji Bunyaminu. "Ni ne ban karɓi umarni ba."

Da kaka aka tuƙa jar shinkafa da miyar kifi. Yana zaune gindin mangwaron nan, sai Safina ta zo a hankali, ba wanda ya aiko ta, ta wanke hannu ta sa a kwanonsa.

Darasi: 'Yan uwa, wanda ya tafi yaƙi ya yi yaƙi, wanda ya zauna ya riƙe gida shi ma ya yi nasa. Na ji an ce ko a Amurka, da babban yaƙin duniya ya ƙare, maza sun dawo sun tarar mata sun riƙe ayyukansu, sai da aka sake koyon zama da juna. Abin da muke ƙauna na da, in muka liƙe shi a randa mutuwa yake yi. Wanda ake sabuntawa shi ke rayuwa. In kin san gidan da ke jiran nasu ya dawo, ko wanda nasu ya dawo ya kasa sabawa, don Allah ki tura musu wannan. Allah Ya dawo mana da 'ya'yanmu lafiya.