Rasuwar da Mai Kemis Ya Kwafo

Akwai wani mai kemis a bakin layi da ya buɗe shafin intanet don jawo masu ciniki. Shafi ya buɗu, amma rubutu ya gagara, domin mutumin naku ko saƙon waya sai ya yi gumi kafin ya haɗa. Sai ya koma shiga shafukan mutane, ya kwafo abin da ya yi masa, ya goge sunan mai shi, ya liƙa a nasa.

Wata rana da hantsi, maganin tari a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ya ci karo da rubutun wata mata kan yadda ta yi jinyar mahaifiyarta mai shanyewar ɓarin jiki. Ya karanta farkon, ya ga bayani mai kyau kan juya majinyaci da ba shi abinci. Bai ƙarasa ba ya kwafe ya saka.

Kafin la'asar wayarsa ta cika da saƙonnin ta'aziyya. Can ƙanwarsa ta kira tana kuka.

"Yaya, Mama ta rasu, shi ne sai a shafinka zan gani?"

Sai a lokacin ya karanta ƙarshen rubutun, inda matar ta ba da labarin safiyar da mahaifiyarta ta cika a hannunta.

Ya rufe shago ya ruga gida. Ya tarar da Mama a kan kujerarta, lafiya ƙalau, tana ta amsa kiran dangi.

"Sannu da zuwa, maraya," in ji ta.

Ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya. Nan take fara'arta ta ɗauke.

"Ni ga ni da raina, gobe za a yi dariya a manta. Ita yarinyar fa? Tata uwar ta mutu da gaske. Tashi ka neme ta."

Kunya ta rufe shi. Ya samo lambar matar a shafinta, ya kira ta.

"Baiwar Allah, ni ne na ɗauki rubutunki ban tambaye ki ba. Ki yafe min. Yanzu zan goge."

"Na gani, an turo min," ta ce a hankali. "Da ka tambaya da na ba ka, don a amfana na rubuta. Kada ka goge, ka dai mayar da sunana."

Sai ta ƙara da cewa:

"Malam, na karanta duk gaisuwar da aka yi maka. Ni da na yi jinyar mahaifiyata, ko rabin wannan gaisuwar ban samu ba."

Yana ajiye wayar ya koma shafinsa, ya mayar da sunanta a kan rubutun.

Darasi: Rubutun da ka gani a intanet yana da mai shi, wani ma da hawaye ya rubuta. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, in an ba ka kuma ka ambaci sunansa. Ku tura wa masu shafi da kuka sani, amma don Allah kada ku goge sunanmu.