Manomin da Ya Toshe Tagar Ɗakinsa

Akwai wani manomi da Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka a wata shekara. Ya girbe dawarsa, ya ɗaure ta dami-dami, ya tara a bakin gona kafin a sami amalanken da zai kai ta rumbu. Aiki ɗaya ya rage masa: ya share busasshiyar ciyawar da ke kewaye da tarin, gama lokaci ne da masu farautar gafiya suke cinna wa daji wuta.

Ana nan Kirsimeti ta ƙarato. Ɗansa Filibus, wanda ya daɗe bai taka gida ba, ya zo daga birni da iyalinsa. Ya kawo talabijin da janareto da wata na'ura da ake buga ƙwallo a cikinta da yatsu, yara suna ce mata gem.

Da fari manomin tsaki ya yi. Sai jikarsa Murna ta cusa masa abin dannawa a hannu, ta ce, "Tsohon mijina, ko tsoro kake ji kada in ci ka?"

Ya ce, "Ke ɗin? Matsa can, amarya."

Ya zauna. Kafin azahar an ji shi yana ihu kamar yaro, shi da ɗansa suna tafa hannu. Rabon da su yi dariya tare tun Filibus yana ƙarami.

Washegari matarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Filibus, an fara ƙona daji ta wajen rafi. Ba ka share gindin dawar nan ba."

Idonsa yana kan talabijin ya ce, "Na ji. Bari in rama cin da yarinyar nan ta yi mini."

Ta sāke faɗa masa da safiyar da ta biyo. Ya ce yamma. Ta ɗauki kwanon abinci ta tafi gaida wata marar lafiya a ƙauyen gaba.

Da rana ta take, haskenta ya hana su ganin hoton sosai. Manomin da kansa ya ɗauko zane ya toshe taga, ya rufe ƙofa. Janareto yana ruri a tsakar gida. Murna ta ce, "Kaka, ina jin ƙauri." Ya ce, "Hayaƙin injin ubanki ne. Buga, kada ki nemi hanyar gudu!"

Ga shi kuwa, wuta ta riga ta haye rafi, iska tana kora ta. Maƙwabcinsa Yunana yana can yana fama da tasa gonar, ba shi da halin barinta. Ya yi ta ƙwala kira har muryarsa ta dushe. Ba wanda ya ji.

Ba su farga ba sai da man janareto ya ƙare. Ɗaki ya yi tsit. A cikin shirun nan suka jiyo murya daga nesa: "Baban Filibus! Wuta! Dawarka!"

Manomin ya fizge zanen daga taga. Sararin gabas ya yi baƙi ƙirin. Ya fita ba takalmi, ɗansa yana biye. Suka karya ɗanyun rassa suna dūkan wutar, tana ja da baya nan, tana ɓullowa can. Ciyawar da bai share ba ta kai ta har gindin tarin. Filibus ya kutsa ya jawo dami ɗaya, gefen rigarsa ya kama da wuta, ubansa ya kayar da shi ƙasa yana watsa masa turɓaya. Da suka ɗago kai, tarin duka ya zama harshen wuta ɗaya.

Filibus yana haki ya ce, "Baba, kada ka damu. Zan saya muku hatsi a kasuwa."

Tsohon ya zauna a kan kunyar gona ya ce, "Irin shuka yana ciki. Ban ware ba tukuna. Dawar da ubana ya bar mini ce, ba a sayar da ita a kasuwa."

Yanzu ku buɗe kunne ku ji ma'anar wannan misali. Dawar nan ita ce amanar da Allah ya ba kowannenku: ranku, da gidanku, da bangaskiyar da kuka gāda. Ciyawar ita ce ƙaramin aikin da kuka sani sarai naku ne, kuna ta cewa sai yamma. Ban ce dariya da 'ya'ya zunubi ba ce. Mutumin nan bai sha giya ba, bai yi sata ba. Abin kirki ne ya zaunar da shi, shi ya sa bai ji tsoro ba. Amma an faɗa masa, ya kuma tashi da hannunsa ya toshe taga.

Ina ganinku a hutun nan. A kira ku addu'a, ku ce bari a gama. A aike ku, ku ce bari a gama. Iyayen ma haka, har sun fi yaran. A cikin na'urar nan, in an ci ka, sai ka danna a sāke daga farko. Ran da wuta ta zo gonarka ba a sākewa. In akwai abin da aka faɗa maka ka yi, kana jinkiri, ajiye abin da ke hannunka ka tashi yau.