Auta da Teburin Ƙarƙashin Bene

Akwai wata matashiya, Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakin uwarta. Tun tana 'yar makaranta take fama da farfaɗiya. Ciwon ba kullum yake tashi ba, wani lokaci sai a yi watanni tana lafiya ƙalau. Amma mutane sun mayar da shi kamar sunanta.

Aikinta na farko a wani shagon kayan sawa ne. Wata rana tana jera riguna ciwon ya taso, ta yanke jiki ta faɗi, goshinta ya bugi bakin kanta ya fashe. Shago cike da mutane, amma babu wanda ya sunkuya kanta. Wata mata ta ja 'ya'yanta waje tana ihu, "Kar ku taka yawunta, ana ɗauka!" Wani ƙato kuwa, da gemunsa da hankalinsa, waya ya zaro yana ɗaukar bidiyo.

Ta farfaɗo jini na bin fuskarta. Uwar ɗakinta na tsaye can bakin ƙofa, ta toshe hanci da gyale.

"Ki tafi gida ki huta," in ji ta. "Ba sai kin dawo ba."

Ko tsumman share jini ba a miƙa mata ba. Tana fita ta ji ana cewa a kawo ruwa da sabulu a wanke wurin.

Gida ma bai zame mata mafaka ba. Yayanta ya ce ta ja musu abin kunya a gari, ya sa aka ware mata kofi da kwano. Auta ta shige ɗaki ta daina fita, ta daina magana, sai kwanciya da kallon rufi.

Innarta ce kawai ba ta haƙura ba. Da ta ji labarin wata cibiya da ke koya wa matasa gyaran waya kyauta, ta tasa Auta gaba har can.

Mai koyarwar wata dattijuwa ce mai kaurin tabarau, kowa Malama yake ce mata. Auta ba ta bari an ba ta kujera ba ta ce, "Malama, farfaɗiya gare ni. Gara ki kore ni yanzu da in saba da wuri."

Malama ta dube ta ta saman tabarau. "Na tambaye ki? Miƙo hannunki in gani. To, ba ya rawa. Kina shan magani?"

Auta ta girgiza kai. Ba a taɓa kai ta asibiti ba, sai turare da jiƙe-jiƙe.

Malama da kanta ta raka ta wurin likita, aka ɗora ta kan magani. Ta sa kafinta ya yi mata kujera mai hannu, aka kafa wa ƙarfen narka dalma mazauni nesa da jikinta don kar ya ƙone ta. Sannan ta tara 'yan aji ta ce, "Wannan ciwo ba a ɗaukarsa. Idan ta faɗi, ku kawar da abin da zai ji mata rauni, ku sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, ku juya ta gefe. Ba a cusa mata cokali a baki. Wanda ya gudu kuwa, ya wuce gidansu gaba ɗaya."

Ciwon ya ragu sosai, amma wata rana ya zo mata a aji. Ta buɗe ido ta ji kanta a kan wata riga da aka naɗe. Rigar Dogo ce, ɗan ajinsu, yana tsaye da singileti. Wata 'yar ajin da ake wa laƙabi da Rediyo saboda surutu tana yi mata fifita.

Da ƙarfinta ya dawo, Auta ta tashi ta fara haɗa jakarta, hawaye na zuba.

"Ina zuwa?" in ji Malama. "Wayar da kika buɗe, wa zai rufe miki? Sha ruwa ki huta, aikinki na jiran ki."

Lokacin da aka yaye su, babu wanda ya kai Auta iya canza gilashin waya da gyaran wurin caji. Wani mai babban shago ya aiko yana neman mutum huɗu, Malama ta sa ta a ciki, tare da Dogo da Rediyo da wani ɗan ajinsu.

A gida yayanta ya ce, "In kina da hankali ki kama bakinki. Wa ya aike ki faɗa masa ciwonki?"

Auta ta ce, "Yaya, idan na ɓoye, ranar da na faɗi wa zai san abin yi?"

Da Malama ta kai su shagon, ta faɗa kuwa. Mai shagon ya ture kujerarsa baya kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Malama, nan wurin kasuwanci ne, ba asibiti ba. Ukun su zauna, wannan ku tafi da ita."

"Ka ga aikinta?" in ji Malama. "Ba ta waya ɗaya ka gani. Ɗaya tak!"

"Ba na buƙata."

Auta ta juya za ta fita. Sai Dogo ya ajiye rigar aikin da aka ba shi a kan tebur. Rediyo ma ta ajiye tata, ta ce, "Ranka ya daɗe, tare aka koya mana, tare za mu ci ko tare mu rasa." Na huɗunsu ya sunkuyar da kai ya zauna, yana da iyali, babu wanda ya zage shi.

Mai shagon ya taɓe baki. "Masu neman aiki sun cika titi."

A waje Auta ta fashe da kuka, tana cewa sun yi asara saboda ita. Rediyo ta ce, "Ke dai yi shiru. Mutumin da ko murmushi bai iya ba, ni zan kwana biyu a shagonsa? Ai shi zai kore ni da kansa."

Cibiyar ta ba su akwatin kayan aiki, Malama ta tsaya musu aka ba su wani lungu a ƙarƙashin matakalar bene. Tebur ɗaya, fitila ɗaya, kujeru uku. Dogo kullum sai ya buga kai da siminti. Sun sha wuya, akwai ranakun da ko waya ɗaya ba a kawo ba. Amma wanda aka gyara wa sau ɗaya sai ya dawo da ɗan'uwansa, har wuri ya fara yi musu kaɗan.

Ba zan ce muku mai babban shagon ya karye ba. Yana nan yana cinikinsa, kuma wannan ma abin haushi ne.

Wata rana wata mata ta zo, babu waya a hannunta. Ta jira har mutane suka ragu, sannan ta matso ta yi ƙasa da murya.

"An ce kina da irin ciwon ɗana. Na cire shi daga makaranta, yara na gudun sa. Yana ɗaki, ko tsakar gida ba ya fitowa."

Auta ta ajiye sukundireban da ke hannunta, ta ja mata kujera.

"Baba, zauna. Gobe da safe ni zan raka ku asibiti. In mun fito, mu wuce makarantar, ina da magana da malaminsu."

Darasi: Ba ciwo ne ke hana mutum cin abinci da guminsa ba, mu ne muke rufe masa ƙofa da jahilci da ƙyama. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma akwai magani a asibiti. In kana da sana'a ka koyar, in kana da shago ka gwada mutum kafin ka yanke masa hukunci. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, wataƙila ya isa gidan da aka kulle wata Auta a ɗaki.