Jajen Ƙarfe

Akwai wani matashi a Kwararafa ta Jos mai suna Badruddeen. A shekarar 2004 ya gaji shagon mahaifinsa, inda ake ƙera ƙusoshin da ke ɗaure sifirin tifa, wato ƙarafan da ke ɗauke nauyin motar a kan tayoyi.

Duk darajar shagon inji ɗaya ce. Injin ba ya yanka zaren ƙusa, murza shi yake yi. Wasu faifai biyu na ƙarfe ne ke matse rodi suna juyawa, har ƙarfen ya taso ya zama zare. Ƙusar da aka murza ta fi yankakkiya ƙarko, shi ya sa direbobi ke layi. Sai dai dole a fara rage kaurin rodin, don ƙarfen ya sami wurin tasowa. Faifan nan kuwa ba su da na canji, in sun lalace shago ya mutu.

Mai rage rodin shi ne Baba Chollom, dattijon da suka kafa shagon tare da marigayi.

Badruddeen bai san lallashi ba. Kowa a matse yake a wurinsa, gaisuwa ma sai ya ga dama.

Ana tsakiyar wani babban aiki, saƙo ya iso cewa mahaifiyar Baba Chollom ta rasu a ƙauye. Ya zo idonsa jawur, ya nemi izinin tafiya jana'iza.

Badruddeen ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "In ka fita ƙofar nan, kada ka dawo."

Wallahi abin da ciwo. Dattijon ya ajiye rigar aiki, ya tafi.

Washegari mai tifofin da ya ba da aikin ya zo yana faɗa a kan kayansa. Badruddeen ya san ƙa'idar sarai, tun yana yaro yake ganinta. Amma ya ce rage rodi ɓata lokaci ne, ƙarfe dai ai in ya ji matsa zai bi. Ya cusa rodi da kaurinsa, ya ƙara matse faifan.

Na farko ya fito da ƙyar. Ana saka na gaba sai ji aka yi ƙas! Faifai ɗaya ya tsage gida biyu.

Badruddeen ya je Kano, ya aika Legas, ba a sami irinsa ba. Direbobi suka watse, ma'aikata suka kama gabansu.

Wata safiya yana zaune shi kaɗai gaban injin, sai ya ji gaisuwa a bakin ƙofa. Baba Chollom ne, da aski irin na masu makoki. Dawowarsa ke nan ya ji labari, ko gida bai zauna ba ya taho.

Ya shafa tsagaggen faifan. Sannan ya ce, "Ɗana, sannu da wannan asara. Allah Ya mayar da alheri."

Kunya ta rufe Badruddeen. Mutumin da ya kora ya zo yi masa jajen ƙarfe, shi kuwa har yau bai yi masa ta'aziyyar uwa ba.

Ya durƙusa. "Baba, ya haƙuri?"

Darasi: Ƙarfe ma in za ka matse shi sai ka bar masa wuri, balle ɗan Adam mai zuciya. Kada aiki ya sa ka manta da hawayen wanda ke ƙarƙashinka. Ku tura wa duk wani mai shago da kuka sani.