Bidiyon Da Ya Raba Kawu Labaran Da Gonarsa

Akwai wata ɗaliba 'yar Kakangi ta ƙasar Birnin Gwari, sunanta Bushira, da ta samu shiga jami'a tana karanta fannin shirya tarukan kasuwanci da karɓar baƙi. Karatu ne na yadda ake haɗa babban taro, a gayyato mutane daga nesa, a sauke su, a tsara masu magana, a sallami kowa cikin mutunci.

A gida kuwa tsokana ta sha har ta gaji. Kawunta Labaran, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, da ya hango ta sai ya ce, "Ga mai digirin jera kujeru ta dawo!" Amma shi ne mai raka ta tasha duk ƙarshen hutu, kuma ba ya juyawa sai motar ta tashi.

A ajinsu akwai Nu'uman, ɗan cikin garin Birnin Gwari. Tun shekarar farko suke shiga mota ɗaya, a lokacin da matafiyi kan nemi gafarar mutanen gida kafin ya hau hanyar Kaduna. Yaro ne mai baki da son gayu, idan ya riƙe makirufo sai ka rantse da shi aka haife shi. Bushira ta ɗauke shi tamkar ɗan'uwa.

A shekarar ƙarshe malaminsu ya ce kowane mutum biyu su shirya taro na gaske, shi ne aikin kammala karatu. Sauran ɗalibai suka ruga otal-otal. Bushira ta ce wa Nu'uman, "Tunda abubuwa sun ɗan lafa a gida, mu haɗa manomanmu da 'yan kasuwar hatsin da suka daina zuwa. Su zauna su fahimci juna."

Sai dai akwai matsala. Shekarun 'yan bindiga sun koya wa mutanen yankin kame baki. Ba ka faɗar abin da ka noma, ba ka faɗar ranar da za ka kai kasuwa, domin ba ka san wane ne infoma mai kai labari daji ba.

Bushira ta bi gida-gida tana roƙo. Da suka je wurin Kawu Labaran ita da Nu'uman, sai ya ce, "Saboda ke za mu zo, kuma za mu faɗi gaskiya. Amma ba hoto. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin."

"Na yi alkawari, Kawu."

Nu'uman ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, wallahi ko inuwarku ba za ta fita daga wurin ba."

Ranar taro aka maƙala wa kowa kati a ƙirji mai sunansa da garinsu, kamar yadda aka koya musu a aji. Aka karɓe wayoyi a ƙofa. Sai Bushira ta ga kyamara a kafe a bayan ɗaki.

Ta ce wa Nu'uman, "Wannan fa?"

"Ta Malam ce kawai, shaidar an yi taro. Shi kaɗai zai gani."

Zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ta yarda, domin Nu'uman ne.

Manoma suka saki jiki. Kawu Labaran ya miƙe ya bayyana yadda suke yanke dawa tun ba ta gama bushewa ba, da ƙananan hanyoyin da suke bi su fito da ita. Har ya ce, "Kuma masu tona mana asiri a cikinmu suke, mun san su." 'Yan kasuwa suka jinjina, suka ce za su dawo sayen kaya. Bushira ta koma makaranta ranta fes.

Ba a daɗe ba, wata rana da rana, Ummi abokiyar ɗakinta ta miƙo mata waya. "Wannan ba kawunki ba ne?"

Shi ne. Fuskarsa tar, katin ƙirjinsa ana karanta shi, Labaran, Kakangi, kuma babu kalmarsa ɗaya da aka yanke. Ashe Nu'uman ya aika bidiyon wani kamfanin shirya taruka a Abuja yana neman aiki, ya ba su izinin sa shi a shafinsu, an rubuta shi ne matashin da ya sa manoman daji suka yi magana. Sunan Bushira ko sau ɗaya bai fito ba, amma ba wannan ne ya dame ta ba.

Ta same shi a bakin ɗakin karatu.

"Nu'uman, ka rantse a gabansa!"

"Ki kwantar da hankalinki. A aji me aka ce mana? Taron da ba a yaɗa ba kamar ba a yi shi ba ne."

"Ka sa su sauke shi yanzu, don girman Allah."

"In ce musu me? Sun kira ni aiki fa. Kuma mutanen daji ina ruwansu da shafin kamfanin Abuja?"

Jama'a, wannan magana ita ta fi ƙona mini rai. Ɗan Birnin Gwari ne, ya fi kowa sanin akwai wayoyi a dajin nan.

Bidiyo ya zaga wayoyin gari kaf. Can sai wata baƙuwar lamba ta kira Kawu Labaran. Mai maganar cewa kawai ya yi, "Malam Labaran, ka yi kyau a bidiyo. Sai mun zo ka nuna mana waɗanda ka sani."

Da Bushira ta iso Kakangi ta tarar ana ɗaure katifu a bayan mota. Dawarsa ta nuna, tana tsaye a gona, ba mai ƙarfin halin shiga ya yanka. Ta durƙusa tana kuka.

"Kawu, ku yafe mini. Ban sani ba."

Bai yi faɗa ba, bai kuma tsokane ta ba. Cewa ya yi, "Tashi, 'yata. Na san ba ke ba ce. Amma bakinki na ji na yi magana."

Ya koma cikin garin Birnin Gwari da iyalinsa, ɗaki biyu a gidan surukinsa. Manomin da asuba ba ta taɓa riskarsa a gida da damina ba ya koma zaman bakin shago.

Bayan shekara kamfanin ya samu aikin babban taron manoma da masu zuba jari a Birnin Gwari, aka damƙa wa Nu'uman, ai ɗan gida ne. Aka kafa rumfuna, baƙi suka zo daga Abuja da Legas. Manoma ma sun zo, domin masu unguwanni ne suka kira su. Suka gaisa, suka ci abinci.

Da aka fara zagayawa da makirufo, na farko ya ce, "Alhamdu lillahi, lafiya lau muke." Na biyu ya ce, "Kamar yadda ya faɗa." Na uku ya yi wa ƙasa addu'a ya zauna. Duk tambayar da baƙi suka yi, amsar ke nan. Kafin azahar wasu sun fara neman direbobinsu, shugaban kamfanin kuwa ya ja Nu'uman gefe ya wanke shi tas.

Nu'uman ya ruga gidan da Bushira take zaune da su Kawu, ya yi sallama da ita a ƙofa.

"Bushira, na tuba. Ki taimake ni ki zo ki yi musu magana. Ke suna jin maganarki."

Ta kalle shi. Babu ma fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Suna jin maganata? Nu'uman, gidan nan da kake gani, Kawu yana ci da ni, yana sa mini albarka. Amma idan suna hirar gona na shigo, sai kowa ya yi shiru har in fita. Da wane bakin zan je in roƙa maka su?"

Ta juya ta shige gida. Shi kuma ya koma rumfa ya tarar ana naɗe kujeru.

Darasi: Idan mutane suka buɗe maka cikinsu saboda sun yarda da kai, maganarsu amana ce, ba tsanin hawanka ba. Mai cin amana ba kansa kaɗai yake zubarwa ba, har wanda ya tsaya masa yake kashe wa baki. Kafin ka ɗora hoton wani ko muryarsa a waya, ka tuna kai za ka samu yabo, shi kuma shi zai kwana a garin. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman ɗalibanmu da masu riƙe kyamara a taruka.